Renon da ake yi a gidan tururuwa

Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse a bakin gona ya ga yadda tururuwa ke watsewa, kowace ta ciji wani farin abu mai kama da tsakin shinkafa. Mukan ce ƙwai ne. Galibi 'ya'yan ne da suka riga suka ƙyanƙyashe: tsutsotsi marasa ido, marasa ƙafa, waɗanda inda aka ajiye su nan za su kwana.

Tsutsar ba ta da huhu. Wasu 'yan ƙofofi ne jere a gefen jikinta, iska ke shiga ta bi siraran hanyoyi har cikin tsoka. Jikinta kuma ba ya ɗumama kansa, zafin ɗakin da take shi ne zafinta. In zafin ɗakin ya ƙaru da digiri 10, iskar oksijin da take sha takan kusan ninkawa, ta ci da yawa, ta girma da wuri. Sai dai ta ƙofofin nan ruwan jikinta ke fita, zafin bazara kuwa ba ya wasa da fata mai laushi.

A nan aikin masu reno yake, dukansu mata ne. Da hantsin hunturu, rana ta ɗan taɓa ƙasa, sai su yi ta jidar 'ya'yan zuwa ɗakunan sama. Rana ta take, su mayar da su can ƙasa inda danshi yake. Ke nan saurin numfashin jaririya yana hannun mai goyonta. A ƙasashen Turai masu ƙanƙara, tsutsar wasu jinsunan kan dakatar da girma gaba ɗaya, numfashi ya yi ƙasa ƙwarai, har sanyi ya wuce.

Bahaushe ya fi kallon tururuwa ta wajen rumbunta. A shekarun yunwa an haƙa gidanta an kwashi tsaba, wasu kuma har yau sukan zuba mata gero sadaka. Ya kuma ce in ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. Rabin gaskiya ya faɗa. Masu fiffiken da ke tashi bayan ruwan farko, mazan ne ke mutuwa bayan barbara. Macen da ta tsira daga tsuntsu da ƙadangare takan karya fiffikenta da kanta, ta haƙa rami ta toshe bakinsa, ta reni tsutsotsinta na fari da abin da jikinta ya tara.