Shekarar Farko Ita Ce Tsanin Shiga Sashen Ilmin Halayyar Ɗan Adam A Jami'ar Jos

A kowace shekara, da zarar Jami'ar Jos ta fitar da sunayen sababbin ɗalibai, akan sami samari da 'yan mata waɗanda murnarsu ba ta cika ba. Sun sami shiga, amma ba a fannin da suka nema ba. Wani ya cika takarda yana son ilmin halayyar ɗan Adam, watau saikoloji, sai ya tarar an ba shi wani sashe dabam. Nan take iyaye da yayye sukan ce masa, "Karɓi wannan tukuna, in ka yi shekara guda ka sauya." To, wannan shawara ba ƙarya ba ce, amma rabin magana ce, kuma sauran rabin shi ne yake kayar da yara da yawa.

Da farko ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa ake rububin wannan sashe. Ita dai Jami'ar Jos ta fara ne a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971, sa'an nan a 1975 Gwamnatin Tarayya ta mai da ita jami'a mai cin gashin kanta, tare da wasu sababbin jami'o'i shida. Shi kuwa ilmin halayyar ɗan Adam, wanda Bajamushen nan Wilhelm Wundt ya buɗe wa ɗakin gwaji na farko a birnin Leipzig a 1879, bai sami sashen kansa a wata jami'ar Nijeriya ba sai a 1964, a Nsukka. Sashen Jos yana ƙarƙashin Tsangayar Kimiyyar Zamantakewa, kuma yana cikin tsofaffin sassan wannan fanni a Arewa. Saboda haka masu nema sukan fito daga Filato, da maƙwabtanta irin su Bauchi da Nasarawa da Kaduna, har da jihohin Kudu.

Guraben kuwa ƙidayayyu ne. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ita take ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Haka kuma a jami'o'in Tarayya ana raba guraben kashi uku: kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi maki ne, kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani. Wanda bai faɗa cikin ɗayan ukun nan ba, sai dai ya karɓi abin da ya samu, ko ya dakata sai baɗi.

To, yaya sauya sashen yake? A ƙa'idar jami'o'inmu, ɗalibi ba ya tashi haka kawai ya koma wani aji. Sai ya gama shekarar farko, sakamakonsa ya fito, sa'an nan ya cika takardar neman sauyi. Shugaban sashen da yake ciki sai ya yarda ya sake shi, shugaban sashen da yake nema kuma sai ya yarda ya karɓe shi, kana hukumar jami'a ta sa hannu. In ɗaya daga cikinsu ya ƙi, magana ta mutu. Sashen da ya riga ya cika kuwa ba zai karɓi kowa ba sai in akwai sarari, in ma akwai, masu maki mafi yawa za a fara dubawa.

A nan ne mafi yawan yara suke yi wa kansu illa. Tun da zuciyarsu ba ta kwanta da fannin da aka ba su ba, sai su riƙa yi masa riƙon sakainar kashi, suna cewa ai ba nan za su zauna ba. Alhali kuwa makin da suka ci a wannan fanni da suka raina, shi ne za a auna su da shi. A ma'aunin nan mai daraja 5 da yawancin jami'o'i suke aiki da shi, wanda ya ci 70 zuwa sama a darasi yana da 5, mai 60 zuwa 69 yana da 4, mai 50 zuwa 59 yana da 3, a haka har ƙasa. Ana haɗa darussan duka a fitar da matsakaici, kuma darasi mai nauyi ya fi jan ma'auni. Faɗuwa ɗaya a zangon farko tana iya dusashe ƙoƙarin shekara guda. Da sanyin safiya ake kama fara.

Abu na biyu shi ne takardar sakandare. Sauya sashe ba ya yafe wa kowa sharuɗɗan shiga na asali. Ana neman kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, kuma ɗalibi ya bincika tun da wuri ko sauran darussansa sun dace da abin da sashen yake so. Kada wani ya ɗauka Lissafin nan ado ne. Masu zaton saikoloji duba ne, ko karanta zuciyar mutum daga fuskarsa, sukan sha mamaki in sun tarar da ƙididdiga, da gwaje-gwaje, da darasin yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suke aiki.

Abu na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 don shirya jarrabawar shiga jami'a. Wanda aka amince ya sauya sashe, lalle ya tabbata an gyara bayanansa a can, domin in takardar JAMB tana faɗin wani fanni, digiri kuma yana faɗin wani, zai iya gamuwa da cikas ranar tafiya yi wa ƙasa hidima. Bugu da ƙari, a yi hattara da 'yan na-san-wani masu karɓar kuɗi a gefen hanya da sunan za su samo gurbi. Duk sauyin da bai bi ta ofis ba, ranar tantancewa asirinsa zai tonu, ga shekaru sun tafi.

In hanyar sauyi ta toshe, akwai wasu biyu. Ɗalibi yana iya sake rubuta jarrabawar JAMB ya faro daga aji ɗaya, ya yi asarar shekara amma ya sami abin da yake so. Ko kuma ya nemi shiga aji biyu kai tsaye da sakamakon IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da ita, ko wata shaidar da sashen ya amince da ita. Wasu kuma sukan zauna inda aka ajiye su, daga baya su ce gaba ta kai ni, gobarar Titi a Jos.

Wani zai ce me ya yi zafi haka a kan fanni guda? Amsar tana cikin garin Jos kansa. Rigingimun 2001 da 2008 da 2010 sun bar marayu, da matan da suka rasa mazajensu, da mutanen da har yau ƙarar fashewar taya take firgita su. Ga kuma matasan da shaye-shaye ya ɗaiɗaita. Irin waɗannan suna bukatar wanda zai saurare su da harshen da suke ji, wanda ya san al'adarsu. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa jinyar mai taɓin hankali ta fi kyau in an sa danginsa da mutanen gari a ciki. A Janairun 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma doka ba ta yin aiki sai da ma'aikata. Digirin farko shekara huɗu ne, wanda yake son duba marasa lafiya a asibiti kuwa sai ya ƙara da digiri na biyu.

Saboda haka kiranmu ga iyaye shi ne, in za ku ce wa yaro ya karɓi abin da ya samu, ku cika masa maganar: ya riƙe shi da hannu biyu. Ku kuma ɗalibai, ku nemi littafin dokokin jami'a tun makon farko, ku je wurin malamin da aka naɗa mai ba ajinku shawara, ku tambayi makin da ake nema da lokacin da ake karɓar takardu. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.