Kafa Parabol A Tsakar Gida: A Haƙa Rami, A Bar Rufi Ya Huta

Duk wanda ya zaga unguwar Zongo ta Parakou, ko ya bi lungunan Djougou, zai ga farantan kama tashoshin talabijin, waɗanda muke ce wa parabol, 'yan'uwanmu na Nijeriya kuma suke ce wa dish, sun yi birjik a kan rufi da katanga. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, da yawansu sun karkace, wasu an ɗaure su da waya, wasu kuwa iskar farkon damina ta riga ta yi awon gaba da su tare da fallen kwano. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata a wannan wata mu yi bayani a kan kafa parabol a kan sandar ƙarfe a ƙasa.

Da farko dai mu tuna dalilin da ya sa abin ya dame mu. Kakanninmu fatake ne, sun bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, suka yada zango a Djougou da Parakou, wasu suka zauna har suka hayayyafa. A da, labarin gida sai ayari ya iso. Daga baya rediyo ya zo, BBC ta fara Hausa a 1957, sa'an nan kaset-kaset na finafinan Kano suka shigo a shekarun 1990. A wancan lokaci parabol ƙato ne, mai faɗin mita biyu ko uku, sai gidan mai hali, kuma yawanci a ƙasa ake girka shi. Yau ƙaramin faranti na santimita 60 zuwa 90 ya wadatar. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, yaron da ke jin Dendi a kasuwar Arzeke, ya ji Faransanci a lakwal, yana iya komowa gida ya tarad da Hausa a akwatin talabijin. Ga wanda yake zaune cikin wasu ƙabilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, me ya sa ƙasa ta fi rufi? Yawancin gidajenmu rufin kwano ne a kan katako, ƙusa kuwa idan ta huda kwano, ruwa ya sami hanya ke nan. Katangar ƙasa ba ta riƙe ƙusa da kyau, ko an shafe ta da siminti. Ga kuma 'yan haya, waɗanda mai gida ba zai yarda su huda masa bango ba. Bayan haka, faranti tamkar faifai ne a gaban iska, idan hadarin Afrilu da Mayu ya taso, ƙarfin da yake tura shi yana sauka ne a kan abin da aka ɗaura shi. Wanda yake ƙasa kuwa, in ya goce, a tsaye za ka gyara abinka, ba sai yaro ya hau tsani ba.

Aiki na farko shi ne zaɓen wuri. Taurarin ɗan'adam da ke aiko da hotuna suna can sama da tsakiyar duniya, nisan kilomita 35,786, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa muke ganin kamar a tsaye suke wuri guda. Mu a Parakou da Djougou muna arewa da tsakiyar duniya da digiri tara da 'yan kai, saboda haka parabol ɗinmu sama yake kallo sosai, ya ɗan karkata kudu. Tauraron SES-4, wanda Canal+ ke amfani da shi, yana yamma maso kudu da mu, tsayinsa daga doron ƙasa kusan digiri 60. Eutelsat 16A kuwa yana kudu maso gabas, kusan digiri 70. Wannan sa'a ce gare mu, domin a Turai sai an nemi sarari mai faɗi, mu kuwa tsakar gida ma ta isa. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce, idan akwai mangwaro ko bene ta wajen da farantin zai kalla, ka ja baya gwargwadon tsayinsa. Ka tuna kuma itace yana girma, reshen da bai tare ka bana ba, baɗi zai tare. Kafin ka sa diga, ka nemi izinin mai gida, ka tambayi inda bututun famfo da wayar lantarki suka bi, ka kuma nisanci bakin masai da magudanar ruwa, domin ƙasar wurin ba ta da ƙwari.

Sai sanda. A nemi bututun ƙarfe mai kauri wanda ba ya saurin tsatsa, wanda kaurinsa ya dace da maɗaurin farantin, watau kamar santimita biyar ga ƙananan faranti. Tsawon mita biyu zuwa biyu da rabi ya isa. Kada a yi kwaɗayin tsawo, domin doguwar sanda rawa take yi a iska, hoto kuwa ba ya son rawa. A kai wa mai walda ya liƙa guntun rodi a gicciye a gindinta. Wannan guntun rodi shi ne zai hana sandar juyawa cikin siminti, kuma rashinsa ne ke sa mutum ya wayi gari tashoshinsa sun ɓace alhali sanda tana nan tsaye. A toshe bakinta na sama don kada ruwa ya taru a ciki.

Ramin ya kai zurfin santimita 60 zuwa 80, faɗinsa kamar 40. A kwaɓa kankare, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, uku na tsakuwa. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa, watau barin sanda a karkace. A ɗora ma'aunin magina a jikinta ta fuska biyu, a tabbata ta miƙe sak, a tokare ta da katako. Idan sanda ta karkace, lambobin da ke jikin maɗaurin faranti ƙarya za su yi maka, ka wuni kana neman tauraro. A bar kankaren aƙalla kwana uku ana yayyafa masa ruwa safe da yamma kafin a ɗora masa kaya. Gaggawa aikin shaiɗan ce, siminti ba ya cika ƙarfinsa sai ya yi kwana 28.

Ranar ɗora faranti, a fito da talabijin da dikoda kusa, ko mutum ɗaya ya tsaya a ɗaki yana faɗin abin da ya gani. A sa farantin a tsayin da ya dace, a riƙa juya shi a hankali, kaɗan-kaɗan, ana dakatawa. Dikoda tana nuna layi biyu, na ƙarfi da na inganci, na ingancin shi ne abin dubawa. In ya hau, sai a ɗan murɗa kan da ke gaban farantin, wanda ake kira LNB, har ya ƙaru, sa'an nan a ɗaure kusoshi bi da bi ana kallon layin. A kashe dikoda kafin a haɗa waya, domin tana aika wuta mai ƙarfin bolt 13 ko 18 ta cikinta.

Waya kuma kada a bar ta a kan ƙasa, inda akuya za ta tauna, mai shara ya fizge. A zura ta cikin bututun roba a binne, inda za ta shiga ɗaki kuma a bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa don ruwa ya ɗige a waje. A naɗe mahaɗinta don kada laima ta shiga. A kira mai aikin lantarki ya haɗa sandar da ƙarfen da ake kafawa a ƙasa saboda tsawa, in hadari ya haɗo kuma a zare waya daga bango, wannan ya fi kowace dabara. Ɗan shinge zai kare farantin daga ƙwallon yara, a kuma roƙi uwargida kada a ɗaura igiyar shanya a jikin sandar.

Abu biyu kada su tayar da hankali. Idan ruwa mai ƙarfi yana zuba, hoto yakan tsaya, in ya ɗauke zai dawo, faranti na santimita 90 kuma ya fi na 60 jure wa haka. Wajen Maris da Satumba, rana takan bi ta bayan tauraro, hoto ya ɗauke na 'yan mintoci, kwanaki kaɗan a jere. Kada a taɓa komai, kada kuma a biya kowa kuɗin gyara. Lokacin hunturu a riƙa share ƙura da tsumma mai laushi.

Buhun siminti bai kai kuɗin sabon rufi ba, bai kuma kai kuɗin asibitin wanda ya faɗo daga sama ba. Mai shirin kafawa ya yi tun rani, kafin ƙasa ta jiƙe. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin iska da tsawa, amin.