Kilifar Gyaran Gemu: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Fitar da Kuɗi

Ranar Alhamis da yamma da safiyar Juma'a, shagunan aski a Ikara da Makarfi da Hunkuyi da Kudan babu masaka tsinke. Kowa yana son ya shiga sahu fuska a gyare. Sai dai tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, mai aski ba ya tayar da janareto saboda kai ɗaya. Za ku ji ya ce, "Alhaji, ɗan zauna, a samu mutum biyu ko uku sai a kunna." Kuɗin aski ya hau, jira ya ƙaru. Shi ya sa magidanta da samari da yawa, har da ɗaliban kwalejin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, suka fara tunanin mallakar kilifar kansu. Tunani ne mai kyau, amma kasuwa cike take da kayan da kwalinsu ya fi aikinsu kyau.

A fara bambance abu biyu da ake haɗawa a suna ɗaya. Akwai babbar kilifa ta askin kai, mai faɗin baki da ɗan hannu a gefe wanda ake turawa don rage ko ƙara zurfin yanka. Akwai kuma ƙarama mai siririn baki da ƙananan haƙora, wadda aikinta fitar da layi, da gyaran gashin baki da saje da gefen kumatu. Wanda gemunsa ke da cika, kuma yana da yara maza da zai riƙa yi wa aski a gida, babbar ce tasa, domin tana iya aikin duka biyun ko da layinta bai kai na ƙaramar fita ba. Wanda ke zuwa shago askin kai, gyaran fuska kawai yake so tsakanin aski da aski, ƙaramar ta ishe shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi ƙaramar saboda arha, a ɗora mata askin gida guda. Ba ta daɗewa.

Batun ko a rage gemu ko a bar shi fage ne na malamai, kuma akwai saɓani a kansa. Masu karatun zaure sun san Risala ta kawo cewa Imam Malik bai ga laifin rage tsawonsa ba idan ya yi yawa sosai, wasu malaman kuma suna ganin a bar shi yadda yake. Amma rage gashin baki babu jayayya a kai, har hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim ya iyakance kada a wuce kwana 40. Don haka ko mai sakin gemu yana da buƙatar wannan na'ura.

A yankinmu, tambaya ta farko ita ce wuta. Kilifa mai igiya ta fi ƙarfi kuma ta fi ƙarko, babu batir ɗin da zai mutu a cikinta, amma idan an ɗauke wuta ta zama ƙarfen ajiya. Ga wanda ke ƙauyen da wutar kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke kwanaki ba ta leƙo ba, mai caji ce mafita. Ita ma a duba yadda take cin cajin. Wadda ke da tata caja ta musamman, ran da cajar ta ƙone an shiga yawon kasuwa. Wadda ke karɓar igiyar USB irin ta wayar hannu ita ce ta dace da mu, domin za ku iya jona ta a fawa bank, ko a sola, ko ku kai ta shagon cajin waya tare da wayarku. A ganina wannan siffa kaɗai ta isa ta sa a zaɓi wata kilifa a bar wata.

Sannan a karanta irin batir ɗin. Mai litiyam ya fi riƙe caji, kuma ƙarfinsa ba ya raguwa sai dab da ƙarewa. Tsohon samfurin, wanda za ku ga an rubuta NiMH a kwalinsa, yakan sha awanni kafin ya cika, kuma yana tsiyayewa ko ba a yi aiki da shi ba. Idan kilifa tana iya awa ɗaya tana aiki a caji guda, ta wadatar da gida. Ku tambayi mai shago ko tana aiki alhali tana jone da caja, domin wasu ba sa yi, sai mutum ya tsaya da rabin fuska a gyare. Lambobin da ake bugawa a kwali kuwa, musamman na kayan da ba a san kamfaninsu ba, kada a ɗauke su yadda suke. Zafi ma makiyin batir ne. Kilifar da aka bari a taga ko a but ɗin babur a tsakiyar bazara, kwananta ya ragu.

Akwai wani tarko da ke kama masu son kayan ƙasashen waje na hannu. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce, sau 60. Kilifa mai igiya irin wadda Leo Wahl ya samu rajistar ƙirarta a 1921 a garin Sterling na jihar Ilinoi, wadda har yau kamfanin Wahl ke yin irinta, injinta maganaɗisu ne da ke karkarwa daidai da bugun wutar. Idan aka kawo wadda aka ƙera don Amurka aka jona kai tsaye, ƙonewa za ta yi. Ko an haɗa ta da na'urar rage ƙarfin wuta, bambancin bugun nan yakan sa ta yi ta ƙara tana zafi. Kafin ku biya, ku juya bayanta ku karanta. Idan kun ga 220 zuwa 240, tamu ce. Idan caja ce aka rubuta 100 zuwa 240, ita ma babu matsala.

Duk wannan bayani na wuta ne, amma baki shi ke yanka. Mutanen Makarfi da Kudan sun san ba a sayen rake don kyan ganyensa, sai an duba gaɓa. Haka kilifa take: zanen zinariya da hoton dodo a jikinta ba su ne aikin ba. Ku ce a buɗe kwali a kunna muku. Ku saurara: sauti ya zama ɗaya, ba ya hawa yana sauka, babu kwaramniya a ciki. Ku ɗaga ta saitin haske ku dubi haƙoran. Layi biyu ne, na ƙasa a tsaye, na sama yana kai-komo, kuma dole na saman ya ɗan ja baya kaɗan, ya zauna daidai daga wannan gefe zuwa wancan. Idan ya zarce na ƙasa ko ya karkace, zai yanke fata. Sai ku gwada ta a gashin bayan hannunku. Mai kyau za ta share shi ba ku ji komai ba, marar kyau za ku ji tana tsinkar ku. Ku bar ta tana aiki minti biyu zuwa uku, ku taɓa bakin da bayan yatsa. Ɗumi ba laifi ba ne, amma idan ta fara ƙuna tun a shago, me za ta yi a wuyan yaro? A ƙarshe ku duba ko bakin da kusoshi aka ɗaure shi. Wanda ake kwancewa ana iya wasa shi, ana iya sauya shi. Wanda aka manne da roba, ran da ya dakushe kilifar ta tashi daga aiki.

Matazan roba da ake ɗora wa bakin su ne ke tsayar da tsawon gashi. A mafi yawan kilifofi lamba 1 tana barin milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 milimita 10, lamba 4 kuma milimita 13. Ku ɗora ɗaya ku girgiza. Idan yana rawa, wata rana zai zame a tsakiyar gyara ya yi wa gemu rami. Gashinmu murɗaɗɗe ne, idan aka kankare shi ƙwal har ƙasan fata, yakan lanƙwasa ya koma ciki, shi ne ƙurajen da ke fesowa a wuya da ƙeya bayan aski. Wanda ke fama da su ya bar gashin ya ɗan yi tsini, kamar milimita ɗaya, kada ya matse bakin kilifa don neman santsi.

Sunayen da za ku fi gani a kasuwar Sabon Gari ta Zariya ko ta Kano su ne Wahl da Philips a ɓangaren masu tsada, sai Chaoba da Kemei da VGR da Oraimo a ɓangaren masu sauƙi. Ba zan ce wannan ta fi waccan ba, domin kowane kamfani yana da samfura iri-iri, kuma sunan da ya fi shahara shi aka fi yi wa jabu. Idan aka sallama muku babban suna a farashin da bai kai rabin na sauran shaguna ba, ku ajiye. Wanda ya fi kowa sanin gaskiya shi ne mai askin unguwarku. Shi ya san wadda ke jure aiki, ya san wadda ake samun bakinta da batir ɗinta a Zariya. Ku tambaye shi. Ku kuma saya a shago mai mazauni, ku karɓi rasit, ku yi magana a kan canji idan ta ƙi aiki. Araha ba ta ado. Lissafin mai sauƙi ne: ku raba kuɗin kilifar da abin da kuke biya a gyaran fuska ɗaya, za ku ga sau nawa za ku yi amfani da ita kafin ta mayar da kuɗinta. Wadda za ta mutu kafin ta kai wannan adadi ita ce mai tsada, komai ƙarancin farashinta.

Ƙura ce ke kashe kilifa a nan, musamman da hunturu. Bayan kowane gyara a goge gashin da ya maƙale da ɗan burushinta, a ɗiga mai ɗigo biyu ko uku a haƙoran tana kunne, a share ragowar, a mayar da ita kwali ko jaka. Idan man da ta zo da shi ya ƙare, man keken ɗinki yana yi. Man gyaɗa da man ja daskarewa suke yi su riƙe haƙoran, baƙin mai kuma bai dace da fata ba. Kada a wanke ta da ruwa sai idan kamfanin ya rubuta cewa ana wankewa.

Dalili mafi girma na mallakar kilifa, a wurina, ya wuce kuɗi. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a faɗin ƙasa a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wato kusan mutum ɗaya cikin 12, kuma da yawansu ba su san suna da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar cutar tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7. Ɗan ƙwarzanen da ido bai gani ba ya isa ya bar jini a bakin kilifa. Kun sha ganin mai aski ya fesa sifirit, ya ƙyasta laita, wuta ta yi bal ta mutu nan take. Niyyarsa mai kyau ce, amma wannan 'yar wutar ba tabbacin tsafta ba ce, kuma tana lalata kaifin ƙarfen. Fetur da kananzir ma ba maganin ƙwayar cuta ba ne. Wanzamai da yawa sun gane haka, shi ya sa suke buɗe sabuwar reza a gaban wanda za a yi wa aski.

Don haka idan kun sayi taku, ku riƙa zuwa da ita shago a yi muku aski da ita, kuma kada kunya ta sa ku mayar da ita ta aron majalisa. Idan ta gida ce da yara ke amfani da ita, a goge gashin, a jiƙa bakin da sifirit a bar shi ya bushe da kansa kafin a koma kan wani. Wanda kuma bai taɓa gwajin ciwon hanta ba, ya je asibiti mafi kusa a gwada shi, ya tambayi allurar rigakafi, domin nau'in B yana da rigakafi.