Ba kowane zazzaɓi ne palu ba: abin da rajistar aji ta nuna mini

Shekara tara ke nan ina kiran suna kowace safiya a wata makarantar firamare a New Bell. Bara, a ƙarshen zango na biyu, ina haɗa lissafin fashi sai idona ya tsaya a layin wani yaro ɗan shekara shida. Kwana huɗu a Oktoba, biyar a Nuwamba, huɗu a Disamba, haka har Maris, kuma tsakanin kowane fashi da na gaba kusan mako huɗu ne. Yaron da ke gudun makaranta ba ya bin kalanda haka.

Bayan la'asar na tarar da mahaifinsa a shagonsa kusa da Marché Central. Na ce, "Alhaji, me ke damun yaron nan?" Ya ce, "Palu ne, Malam. Jininsa ne sauro ke so." Da na matsa, sai ya aika gida aka kawo karne, wato ɗan littafin da ake saye a asibiti likita ya yi rubutu a ciki. Guda huɗu ne, daga wurare huɗu. Na biyar, in ji uwar yaron, ruwan damina ya ci shi. Sau uku an rubuta cewa gwaji bai nuna palu ba, amma duk da haka an ba shi maganin palu. Babu likitan da ya taɓa ganin littattafan huɗu a tare.

Likitar yara da muka je wurinta daga baya ta jera su a tebur, ta tambayi uwar: in zazzaɓin ya zo, bakinsa na yin gyambo? Maƙogwaro fa? Kaluluwa na fitowa a wuya? Duk amsa e ce. Ta ce tana zargin wata cuta da ake kira PFAPA, wadda aka fara bayyanawa a 1987, amma sai an bi yaron na watanni kafin ta tabbatar.

A wurinta na fara jin labarin wannan rukunin cututtuka. Garkuwar jiki ce ke tayar da zafi da kumburi da kanta, ba tare da wata ƙwayar cuta ta shigo ba, kamar maigadin da ke busa usur alhali babu ɓarawo. Ba a ɗaukarsu daga wani. PFAPA takan lafa in yaro ya girma. Amma akwai 'yan uwanta na gado masu haɗari, kamar zazzaɓin iyali na yankin Bahar Rum, wanda ya fi yawa a Turkawa, Larabawa, Armeniyawa da Yahudawa. In an bar shi yana iya kashe ƙoda, alhali tun 1972 aka san wata ƙwaya mai araha, kolcisin, tana hana shi tashi.

Matsalar ita ce likita na iya yin ritaya bai ga mutum biyar masu irin wannan ba. Shi ya sa aka buɗe rajista ta ƙasa da ƙasa, inda kowane asibiti ke zuba bayanan 'yan tsirarun majinyatansa wuri guda. Fitacciya ita ce Eurofever, da ƙungiyar PRINTO ke gudanarwa daga birnin Genoa na Italiya, ta fara karɓar bayanai a 2009. Rahotonta na 2012 ya ƙunshi majinyata 1,880 daga cibiyoyi 67 a ƙasashe 31. Ya nuna rabinsu sun haura shekara bakwai suna fama kafin a gano abin da ke damunsu. A Turai fa, inda babu palu da za a ɗora wa laifi! Daga irin waɗannan bayanai aka fitar da sababbin ƙa'idojin rarrabe cututtukan a 2019.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rabon adadin: kashi 74 cikin ɗari daga yammacin Turai, sauran daga gabashin Turai, kewayen Bahar Rum, Asiya, Kudancin Amurka da Ostireliya. Afirka kudu da Sahara ba ta da ko layi ɗaya. A matsayina na mai kiran suna, na san layin da babu kowa ba ya nufin babu yaro a unguwa; yana nufin ba a kawo shi an rubuta ba. Kuma ƙa'idar da aka gina kan 'ya'yan wasu, da ita za a auna namu.

Ba wai ba za mu iya ba. A kan sikila, Farfesa Ambroise Wonkam, ɗan Kamaru, ya jagoranci cibiyar da ke tattara bayanan majinyata daga ƙasashen Afirka a Jami'ar Cape Town.

Da likitar ta ambaci rajista, Alhaji ya ɓata rai. A hanya ya ce mini, "Malam, ina da 'ya'ya mata. A ce gidana akwai ciwon gado, wa zai zo neman aure?" Ban ga laifinsa ba, a unguwar Hausawa magana ba ta kwana, kuma auren zumunci ya yi yawa a cikinmu har kalmar gado ta zama abin tsoro. Na maimaita masa abin da likitar ta ce: ba a shigar da kowa sai da sa hannun iyaye, lamba ake sawa a madadin suna, kuma yana da ikon cewa a'a ba tare da an daina duba ɗansa ba. Bai amince ba tukuna, ni ma ban takura shi ba.

Abin da ya yarda da shi shi ne littafin rubutu mai shafi 32 da na ba uwar yaron. Duk ran da jikinsa ya yi zafi, a fara zuwa gwajin palu, domin palu na kisa cikin kwana biyu, ba a wasa da shi. Sannan ta sa yayarsa 'yar aji shida ta rubuta ranar farawa, ranar sauka, abin da ma'aunin zafi ya nuna, da sakamakon gwajin. An ɗaure shi da karne huɗun nan a leda ɗaya, an rataye a sama inda ruwa ba ya kaiwa. Layi bakwai ke ciki yanzu, kuma likitar ta ce a kawo mata shi a ƙarshen wannan zango.