Jaririn Da Ƙashin Kansa Ya Haɗe Da Wuri

'Yan'uwa manoma, kowace uwa ta san maɗiga. Ƙoƙon kan jariri ba ƙashi guda ba ne, akwai tsaga tsakani domin ƙwaƙwalwa ta sami wurin girma. To, akwai wata cuta da takan haɗe tsagar nan tun yaro yana ciki. Sai kai ya yi tsini, idanu su firfito, yatsun hannu da na ƙafa su manne. Wani likitan Faransa, Apert, shi ya bayyana ta a 1906. Ba ta da yawa, kamar ɗaya ce cikin haihuwa 65,000.

A 1995 masana a Ingila suka gano tushenta. Ƙwayar gado guda, mai suna FGFR2, ita ce takan sauya. Yawanci iyayen lafiyarsu lau. Sauyin yakan auku ne haka kawai cikin irin uba, musamman in ya manyanta. Ina laifin uwa ke nan, da ake cewa ta fita da tsakar rana ta gamu da iska? Uban ma bai yi kome ba.

In an haifi irin wannan yaro kada a ɓoye shi a ɗaki. A kai shi asibitin koyarwa tun bai shekara ba, gama likitoci sukan buɗe ƙashin ƙwaƙwalwa ta sarara.