Buƙatar Dogayen 'Yan Wasa a Ƙwallon Kwando ta Jami'o'in Amurka

1.0 Gabatarwa

A mafi yawan wasanni, gudu da ƙwarewa su ne abin da mai horarwa yake fara dubawa ga ɗan wasa. A ƙwallon kwando kuwa akwai wani abu da horo ba ya samarwa, wato tsawo. Wannan takarda za ta yi bayanin dalilin da ya sa ƙungiyoyin jami'o'in Amurka suke fafutikar neman dogayen 'yan wasa, da yadda wannan buƙata ta sauya dokokin wasan, da kuma yadda ta kai su har nahiyar Afirka. Daga ƙarshe za a kawo misalin Jami'ar Purdue domin a ga iyakar amfanin tsawon.

2.0 Dalilin Buƙatar Tsawo

James Naismith ne ya ƙirƙiro wasan a shekarar 1891 a garin Springfield na jihar Massachusetts. Ya rataya kwandon a tsayin santimita 305 daga ƙasa, kuma har yau nan yake. Tun da kwandon ba ya saukowa, wanda hannunsa ya fi kusa da shi ya fi sauran samun dama.

Ana iya kasa wannan dama gida uku. Na farko, dogo yana jefa ƙwallo daga dab da kwando, inda kuskure ya fi ƙaranci. Na biyu, idan an jefa ƙwallo ba ta shiga ba, takan daki baki ko allo ta dawo, kuma wanda ya riga cafe ta ya ba ƙungiyarsa wani sabon hari, ko ya hana abokan hamayya sake gwadawa. Na uku, dogo yana tare jifa, har ma tsayuwarsa kaɗai a gindin kwando takan sa abokin hamayya ya fasa kutsowa. Saboda haka ƙungiyar da ba ta da dogo takan sha wahala a ɓangarorin fili biyu, wajen kai hari da wajen tsaron gida.

Matsalar ta fi tsanani a jami'a, domin ɗan wasa ɗalibi ne. Bisa al'ada shekara huɗu yake bugawa, wanda ya yi fice kuwa yakan tafi gasar ƙwararru ta NBA tun kafin ya kammala karatu. Jami'o'in da ke rukuni na ɗaya sun haura 350, alhali mutanen da tsawonsu ya wuce santimita 210 'yan ƙalilan ne a kowace al'umma. Ke nan masu nema sun fi abin nema yawa.

3.0 Yadda Tsawo Ya Sauya Dokoki

A shekarun 1940 aka sami George Mikan na Jami'ar DePaul da Bob Kurland na Oklahoma A&M, waɗanda sukan tsaya gindin kwando su doke ƙwallo tana gab da faɗawa ciki. Wannan ya sa a 1944 aka hana taɓa ƙwallon da ta riga ta fara gangarowa zuwa kwando. Haka kuma a 1967, lokacin da Lew Alcindor na UCLA, wanda daga baya ya zama Kareem Abdul-Jabbar, yake cin karensa ba babbaka, aka hana cusa ƙwallo cikin kwando daga sama. Ba a ɗage wannan hani ba sai 1976. A 1986 kuma aka shigo da jifan nesa mai maki uku a duk faɗin gasar jami'o'i, abin da ya ba gajerun da suka iya saiti makamin da za su rama da shi.

4.0 Neman Dogaye a Afirka

Da dogayen gida suka kasa isa, sai masu horarwa suka waiwayi ƙetare. Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980. Kafin nan tsaron raga yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Ya taimaka wa jami'ar ta kai wasan ƙarshe a 1983 da 1984. Manute Bol, ɗan ƙabilar Dinka daga Sudan mai tsawon santimita 231, ya buga wa Jami'ar Bridgeport a kakar 1984 zuwa 1985. Dikembe Mutombo na Kinshasa ya je Georgetown a 1987 da niyyar karatun likita, mai horarwa John Thompson ya ja shi cikin ƙungiya. Joel Embiid na Yawunde ya buga wa Kansas a kakar 2013 zuwa 2014, Adama Sanogo na Mali kuma shi ne gwarzon zagayen ƙarshe lokacin da Jami'ar Connecticut ta ɗauki kofi a 2023.

Da dama daga cikin waɗannan ba su fara wasan ba sai da suka tasa. Wannan ya nuna tunanin masu horarwa: a samo tsawon tukuna, ƙwarewa ta biyo baya. Sai dai gasar NBA kimanin mutum 60 take zaɓa a shekara. Ga mafi yawan matasan da aka ɗauka, digirin da suka samu shi ne ribar tafiyar.

5.0 Misalin Jami'ar Purdue

Purdue, a ƙarƙashin mai horarwa Matt Painter, ta shahara da dogaye. Mafi fice shi ne Zach Edey, ɗan Kanada mai santimita 224, gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2023 da 2024. A watan Maris na 2023 Purdue ta shiga gasar ƙasa a matsayi na ɗaya a shiyyarta, ta haɗu da Fairleigh Dickinson mai matsayi na 16, wadda 'yan wasanta suka fi na kowace ƙungiya gajarta a rukunin. Gajerun suka yi nasara da ci 63 da 58. Dabararsu ita ce su kewaye Edey da mutum biyu ko uku, su bar abokansa su yi jifan nesa. Edey ya ci maki 21, amma cikin jifan nesa 26 da Purdue ta yi, 5 kaɗai suka shiga.

A 2024 Purdue ta gyara jifanta na nesa har ta kai wasan ƙarshe. A can ta tarar da Connecticut mai nata dogon, Donovan Clingan. Da yake Clingan yana iya tunkarar Edey shi kaɗai, sauran huɗun suka tsare masu jifan nesa. Edey ya ci maki 37, amma Purdue ta sha kashi da ci 75 da 60.

6.0 Kammalawa

An ga cewa buƙatar tsawo ta samo asali ne daga tsayin kwando da ƙarancin dogaye. Wasannin Purdue biyu kuma sun nuna cewa dogo ɗaya ba ya ɗaukar kofi sai da masu saiti a gefensa, sannan babban amfanin samun dogo shi ne ya sauke wa abokansa nauyin dogon abokan hamayya. Hausawa kan ce gajere ba yaro ba ne, kuma Fairleigh Dickinson ta tabbatar da haka a wasa ɗaya. Amma a wasanta na gaba aka fitar da ita daga gasar.