Sinanci, Japananci ko Koriyanci: Wanne Ya Fi Wahalar Koyo?

Duba wayoyin da ke hannun matasa daga Kwatarkwashi zuwa Gusau: Tecno, Infinix da itel na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen a Sin, Samsung kuma daga Koriya ta Kudu. Shi ya sa masu gyaran waya da masu son yin odar kaya a shafin 1688 ke yawan tambayar wane harshe ya kamata su fara koya.

Cibiyar koyar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta saka dukkan ukun a rukuni mafi wuya, kusan awa 2,200 a aji. Amma wannan lissafin na mai jin Turanci ne. Bahaushe yana da nasa ribar.

Abin da ke firgita Bature a Sinanci shi ne karin sauti. Kalmar "ma" tana iya nufin uwa ko doki, gwargwadon yadda ka ɗaga murya ko ka sauke ta. Mu kuwa tun muna yara muke bambance kukan jariri da bishiyar kuka ta wannan hanyar. Nasu kari huɗu ne, sai an zauna an saba, amma kunnenka ya riga ya san aikin. Nahawun ma da sauƙi, aikatau ba ya sauya siffa. Inda gizo ke saƙa shi ne rubutu: kafin ka karanta jarida sai ka haddace alamomi wajen 3,000. A waya dai akwai rangwame, ka rubuta da Pinyin a Gboard ka zaɓi alamar.

Koriyanci akasin haka ne. Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443, haruffa 24 ne kacal, cikin mako guda za ka iya karanta shi. (Masu rubuta manhaja su lura: a Unicode haruffan suna haɗuwa su ba da gaɓoɓi 11,172.) Wahalar tana nahawu, domin aikatau yana zuwa ƙarshen jimla, kuma yana sauyawa bisa girman wanda kake yi wa magana.

Japananci yana da daɗin furtawa, har da dogon wasali irin namu, amma ya haɗa wannan nahawun da rubutu iri uku: hiragana, katakana da kanji 2,136 na yau da kullum, yawancinsu da karatu fiye da ɗaya. A ganina shi ya fi wuya.

In kasuwancin kayan waya ne a gabanka, fara da Sinanci, kuma ka soma da lambobi da kalmomin ciniki kafin komai.